Kwanson da Ya Ƙi Shiga Bindigar Sale

Kurmin Mashi,
Kaduna.

Zuwa ga ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina roƙon Allah ya kiyaye fitarka da shigarka, ya kai ka gandun dajin da aka tura ka lafiya, ya haɗa ka da abokan aiki masu hankali. Mamarka ta ce in sa gaisuwarta, ko da yake da bakinta za ta yi maka tata doguwar, kuma ka san ba ta gajiya.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da kuke cin tuwo a gida ɗaya. Dalilin ba shi da wuya. Duk lokacin da na buɗe baki a kan maganar nan, kafin in kai tsakiya sai ka ce, "Na sani, Baba." Ni kuma raina ya ɓaci in tashi in koma bencina. Takarda ba a katse ta. Ka karanta har ƙarshe, in ka ga dama daga baya ka ce ka sani.

Ka gaya mini cewa ban da sintiri, kai za a danƙa wa harsasan rukuninku, tunda na gwamnati ba sa zuwa a kan kari tun da Naira ta faɗi, kuma ofis ya ba ka takardar izinin sake cika kwanson da aka harba, kamar yadda na yi musu shekara da shekaru kafin in yi ritaya. Sai ka roƙe ni akwatin dayis ɗina, ka kuma ce wanda ka fi so shi ne mai matse wuyan kwanso, don ka sha jin ina yabonsa. To, a nan maganar take. Mutanen da za su sa harsashinka a bindigarsu su shiga ciyawa ba za su tambaye ka da wane dayis ka matse shi ba. Za su karɓa ne kawai su ce sun gode. Saboda haka zaɓin naka ne kai kaɗai, kuma su ne za su ɗauki sakamakonsa a jikinsu.

Bari in faɗi abin da ka riga ka sani, don mu tashi daga wuri ɗaya. Idan an harba bindiga, kwanson tagullar nan yakan kumbura ya cika mazauninsa a cikin bindigar. Kafin a sake cika shi sai an matse shi ya koma. Ƙarfen da ake ɗaurawa a kan injin matsawa, a tura kwanson ciki ya fito da siffarsa, shi ne dayis. Akwai mai matse jiki duka, daga wuya har gindi, ya mayar da kwanso kamar yadda ya fito daga kamfani. Akwai mai matse wuya kaɗai, daidai yadda zai riƙe sabon kan harsashi, ya bar sauran jikin yadda bindiga ta kumbura shi. Sai na ukun, mai zaunar da kan harsashin, wanda ba shi da rigima sosai. Maganar albarushi da awonsa ba zan sa a takarda ba. Wannan a tsaye ake koyonsa kusa da wanda ya iya, da littafin awo a buɗe, kuma ka yi shi a gabana har na gamsu.

Kuskurena na farko na saye ne. Ina sabon shiga aikin, wani Bature da ke aiki a masaƙa zai koma ƙasarsu, aka baza kayansa a tsakar gida ana gwanjo. Cikin tarkacen na ga akwatin dayis, fes, ko tsatsa babu, yana ta ƙyalli. Bindigogin ma'aikatarmu duk 303 ne, tsofaffin nan na soja. A jikin akwatin na ga 308. Na ce a raina, uku da sifili ai sun yi daidai, wannan ɗan bambancin na ƙarshe ba zai hana aiki ba. Kukun Baturen ma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, ya ce, "Oga, ɗauki, maigida da shi yake yin nasa, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba." Gaskiya ya faɗa, maigidansa bai taɓa ƙorafi ba, domin bindigarsa daban ce. Na kawo shi ɗakin aiki ina ta murna, na shafa wa kwanso maiƙo na tura. Ya fito kafaɗa a lotse, wuya a murɗe. Na ce wataƙila hannuna ne, na sake tura wani. Sai da na lalata cikin tafin hannu na kwanso masu kyau kafin na yarda cewa ƙarfen ba shi da laifi, ni ne na kai shi inda ba wurinsa ba.

Don haka idan za ka zaɓi dayis, fara da bindigar, kada ka fara da kasuwa. Ka goge jikin bututun ka karanta abin da aka buga a kai, dukansa, har da haruffan da ke bin lambar. Sannan ka karanta abin da aka buga a jikin dayis ɗin kansa, domin akwati yana iya zama na wani, ƙarfen ciki na wani. In harafi ɗaya ya saɓa, ajiye. Kada ka saurari mai sayarwa idan ya ce kusan ɗaya ne. Kuma kafin ka biya, ɗaga shi sama ka leƙa cikinsa ta hasken rana. Daminar Kaduna ba ta raga wa ƙarfe, ta can ma ba za ta raga ba. Tabon tsatsa ɗaya a ciki zai zana kansa a jikin kowane kwanso da ka tura har ranar da ka jefar da shi. Wancan akwatin na Bature yana nan har yau a ƙarƙashin benci, mamarka tana danne murfin tukunyar wake da ɗaya daga ciki.

Na biyu ya fi ban haushi don ƙanƙantarsa. A tsakiyar dayis akwai siririn tsinke wanda yake bi ta hujin gindin kwanso ya ture tsohuwar ƙwayar tashi waje, wato 'yar ƙwayar da ke kunna albarushi. Ni ban san cewa kwanso iri biyu ne ba. Wani hujinsa ɗaya ne a tsakiya, wani kuma, musamman tsofaffin na soja, ƙananan huji biyu ne a gefe da gefe, tsakiyar a toshe. Aka kawo mini buhu guda daga filin harbi, a gauraye. Na zauna ina turawa ina waƙa, sai na ji ƙas. Tsinken ya karye. Babu na canji, domin ban tambaya ba lokacin da aka yi odar. Na je kasuwar Panteka wajen wani mai injin fere ƙarfe, ya yi mini ɗaya daga silin keke, ya kuma gaya mini tun kafin in tafi cewa ba zai daɗe ba. Bai daɗe ɗin ba. Muka ci damina guda muna jiran tsinken da bai kai ashana tsawo ba, ma'aikata suna fita da harsashi bibbiyu a aljihu. Shugabanmu na lokacin kullum ya wuce ƙofata sai ya leƙo ya ce, "Ayuba, yaya jikin allurar?" Ya mai da ni abin nishaɗinsa.

Ka zaɓi dayis wanda tsinkensa ake kwancewa a sa wani, kuma ka nemi na canji tun ranar saye, kada ka bari sai ranar da ya karye. Duk kwanson da ba kai ka harba ba, haska cikinsa da tocila kafin ya hau inji. Masu huji biyu ka ware su gefe guda. Aikin yana da gundura, na sani. Ka yi shi duk da haka.

Na ukun shi ne ya kai ni ga dayis ɗin da kake so. Shekaruna na farko da mai matse jiki duka kaɗai nake aiki, kuma nakan murɗa shi ƙasa har ƙarshe, don a ganina matsewa sosai ita ce aikin kirki. Abin da ban lura ba shi ne tsofaffin bindigogin nan mazauninsu ba ɗaya ba ne. An ƙera su a wurare daban-daban, an yi yaƙi da wasu, wasu sun sha hannu har sun buɗe. Tawa tana cikin masu faɗi. Kowane harbi kwanso ya miƙe ya cika ta, ni kuma in matse shi ya koma, a sake harbawa ya sake miƙewa. Ka ɗauki murfin gwangwanin madara ka yi ta lanƙwasa shi gaba da baya, ka san inda zai ƙare. Wata rana a filin gwaji na harba, na ja sakata, sai gindin kwanson kaɗai ya faɗo ƙasa. Sauran jikin ya maƙale a ciki. Bindiga ta zama sanda. Na yi sa'a allon gwaji ne a gabana, allo kuwa ba ya bin mutum. Da na koma na duba sauran kwanson, sai ga wani siririn zobe mai haske kusa da gindin da yawa daga cikinsu. Tun tuni suna gaya mini, ni ne ban iya karantawa ba.

A nan shawarar gajera ce. Kada ka matse kwanso fiye da yadda ake bukata. Ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka riƙa shafa cikin kowane kwanso kusa da gindi, in ka ji ta faɗa wani ɗan kwari, wannan ya gama aiki, ka murƙushe bakinsa da filaya don kada wani ya tsince shi. Kada tsadar tagulla ta sa ka yi masa jinya.

Bayan wannan ne ofis ya samo mini mai matse wuya. Ishaya, ba zan ɓoye maka ba, na so ƙarfen nan. Kwanson da a da yake mutuwa bayan 'yan zagaye kaɗan sai ga shi yana ta dawowa. Harbina ya ƙara kyau, domin kwanson ya riga ya ɗauki siffar bindigata, yana zama daram. Ga sauƙin aiki, ba sai an yi ta shafa maiƙo ba. A lokacin da ko'ina ake kukan babu, ni gwangwanina cike yake. Na riƙa yabonsa a ofis, a gida, har a ƙofar coci bayan sujada, kai ma a nan ka ji. Abin da ban riƙa faɗa ba, domin ni ma ban ɗauke shi da nauyi ba, shi ne cewa kwanson da aka matse wa wuya kaɗai ya zama na bindiga ɗaya. Kamar takalmin da mutum ya daɗe yana sawa ne, ya bi ƙafarsa.

Yanzu sai maganar Baba Sale na Rigasa. Ka san shi tun kana rarrafe, shi ne mai kawo mana naman layya, mu kai masa shinkafar Kirsimeti. Ka kuma san ɓauna ce ta taɓa masa ƙafa, don ka sha jin labarin a bakinsa. Amma shi yana ba da shi ne don yara su yi dariya, yana kwaikwayon kukan ɓauna, yana cewa ta ga kyansa ne ta biyo shi. Ni ɓangaren ƙarfen zan gaya maka, wanda shi ba ya damuwa da shi.

An aiko daga wani ƙauye a kudu, bakin kogi, cewa wata ɓauna ta tsinke tarkon waya, wayar ta ci mata ƙafa, ta haukace tana korar mutane daga gonakinsu. Ta riga ta ji wa wani tsoho rauni. Aka ce ni da Sale mu je. Da safe mota tana jira a waje, direba yana ta danna ham, Sale ya shigo ɗakin aikina ya buɗe jakarsa ya nuna mini. Harsashi ɗaya tak ya rage masa na kamfani.

Ya ce, "Ayuba, taimaka mini da naka, kada in je in yi wa ɓauna wa'azi."

Na ce, "Ɗebi, ga gwangwani nan."

Ya ɗiba ya cika aljihu. Tasa 303, tawa 303, me ya rage? Ko a raina ban ji wani ɗar ba. Ga dokar ofis ta hana ɗura bindiga a cikin harabar, ga direba yana ta ƙorafin rana tana yi. Muka hau muka tafi.

Da muka isa, wani manomi ya kai mu bakin fadamar ya nuna mana inda ɓaunar ta shiga, ya koma abinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Sale ya jera nawa a cikin gidan harsashi, suka shiga lafiya lau, domin gidan harsashi ba ya tantancewa. Ya ɗora nasa na kamfani a sama, ya tura sakata ta rufe sumul. Ka lura da wannan wurin. Na farkon da ya shiga mazauni nasa ne, shi ya sa babu abin da ya nuna mana akwai matsala.

Ciyawar ta fi mu tsawo. Muka rabu kaɗan, shi a dama ni a hagu, muna jin motsin juna. Rana ta take sosai lokacin da ɓaunar ta taso. Ba ta yi wani gargaɗi ba, ciyawa kawai na ga ta dare. Sale ya harba, ya kuma same ta, na ji saukar harsashin. Amma ɓauna mai ciwo ba ta faɗuwa don an roƙe ta. Ya ja sakata, kwanso ya fita, ya tura na biyu. Nan sakatar ta tsaya. Hannun sakatar ya ƙi sauka. Ina ganinsa ta tsakanin ciyawa yana dukansa da tafin hannu, yana sake duka, kansa a sunkuye yana kallon bindigar maimakon abin da ke zuwa. Tasa bindigar matsattsiya ce, kwanson kuwa ya kumbura daidai da tawa mai faɗi. Abin da ya hana ta rufuwa bai fi kaurin gashin kai ba.

Ban iya harbi ba, domin yana tsakanina da ɓaunar. Sai da ta ɗauke shi ta watsar, ta juyo za ta koma kansa, sannan na sami fili. Na harba, na sake harbawa, harsasan nan guda da suka ƙi bindigarsa suna shiga tawa kamar an shafa musu mai. Ta faɗi kusa da shi har jininta yana taɓa rigarsa.

Mutanen ƙauye suka ciro ƙyauren wani ɗaki muka ɗora shi a kai zuwa bakin hanya. Ƙahon ya shiga ta cinya ya farfasa gwiwa. Bai suma ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, yana ta salati yana kuma tambayata ko an ɗauko masa hularsa. A asibiti suka ceci ƙafar, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba. Ranar da na je duba shi bayan an yi masa aiki, na tsaya a bakin gado. Shi ne ya fara magana. Ya ce, "Ayuba, ashe harsashinka ma ya san maigidansa." Ya yi dariya har ɗinkin ya yi masa zafi. Na rubuta wa ofis abin da ya faru dalla-dalla, suka karanta, suka ce tsautsayi ne, aka mayar da Sale aikin tebur har ya yi ritaya. Mutumin da yake iya wuni yana bin sawu a dawa ya ƙare yana buga hatimi. Bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Da ya yi, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

To, ga abin da nake so ka ɗauka. Duk harsashin da wani zai harba, ko wanda ba ka tabbatar da bindigar da zai shiga ba, da mai matse jiki duka za ka yi shi. Duk harsashin da za a shiga da shi gaban dabba mai iya kashe mutum, ko da a taka bindigar ce, da mai matse jiki duka za ka yi shi. E, tagulla za ta riƙa mutuwa da wuri. Za ka ga gwangwani yana raguwa, shugabanka zai tambaye ka ina kwanso suke tafiya, wani ma zai ce ai babanka ya fi ka tattali. Ka bar su su faɗa. Ka daidaita dayis ɗin da bindigar da ta fi kowacce matsi a rukuninku, ka ɗaure zobensa, kada ka bar kowa ya taɓa. Sannan kafin kowa ya fita aiki, ku je filin gwaji, bakin bindiga yana kallon tudun ƙasa, yatsa nesa da kunama, kowane mutum ya shigar da kowane harsashin da zai ɗauka cikin tasa bindigar, ya rufe sakata ya buɗe, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi tauri ko kaɗan a ajiye shi. In direba yana danna ham, ya danna.

Za ka ce mini, na san ka, "Ai sai in riƙa yin nawa da na wuya, na sauran da na jiki duka, in raba gwangwani." Haka ni ma na ce, kuma gwangwanayena a rabe suke ran nan, har da fenti a murfi. Rabon gwangwani yana aiki ne ranar da babu gaggawa. Ranar da abokinka ya shigo da jaka babu komai, mota tana jira, ba za ka ce masa ya tafi haka ba, kuma bai kamata ka ce ba. A dawa mutane suna miƙa wa juna harsashi kamar yadda suke miƙa goran ruwa. Ba za ka iya hana wannan ba, kai ma wata rana kai za a miƙa wa. Abin da kake da iko a kansa shi ne duk abin da ya fito daga bencinka ya zama mai shiga bindigar kowa.

Akwai kuma waɗanda za su zo da ba na rukuninku ba. Da zarar an ji akwai mai cika kwanso, za ka ga baƙi da fara'a, wani da kaza, wani da gaisuwar wai ya san ni. Zamanin nan ka ga yadda hanyoyi suka lalace da 'yan fashi. Izinin da aka ba ka na bindigogin ofis ne, a nan ya tsaya. Ka karɓi gaisuwa, ka mayar da kaza. Ɗakin aikinka ya kasance da kwaɗo, mabuɗin kuma a jikinka.

Ka fi ni karatu, wannan ba abin musu ba ne, kuma hannunka ya fi nawa natsuwa a lokacin da nake shekarunka. Ba na shakkar iyawarka. Ni ma ai na iya ɗin ne ran nan, shi ya sa ban duba ba. Ba ni da al'adar faɗin irin wannan, amma zan faɗa sau ɗaya: ina jin tsoro. Tsoron da nake ji bai tsaya ga a kawo mini kai a kan ƙyaure ba. Ina tsoron ka zama wanda yake tafiya a gefen ƙyauren yana riƙe da hular wani, ka kuma yi sauran rayuwarka kana karɓar alheri daga hannun mutumin.

Ban cire komai daga akwatin ba, kuma ba zan ɓoye na wuyan ba, kai ba yaro ba ne. Abu ɗaya nake roƙo kafin ka ɗauka. Baba Sale ya aiko cewa lallai ka je ka yi masa sallama, yana da addu'ar da zai yi maka, kuma ya ce shi zai raka ka bakin titi da kansa. Ka je ranar da ba ka da sauri. Idan kun fito, za ka ga masu acaɓa suna tsayawa, don duk unguwar sun san shi. Kada ka tsayar da kowa. Ka bi shi a ƙasa, daga ƙofar gidansa har titi, da irin tafiyarsa, kada ka wuce gaba kuma kada ka kama masa hannu, ba ya so. Zai yi ta ba ka dariya a hanya. Ka yi dariyar, amma ka saurari ƙafar. In ka dawo gida sai ka buɗe akwatin ka zaɓa, ba zan tambaye ka wanne ka ɗauka ba.

Ubangiji ya tsare ka a hanya da cikin dawa, ya tsare waɗanda za su dogara da aikin hannunka, ya mayar da kowannenku gida da ƙafafunsa. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Ayuba.